Darasi Don Ƙungiyoyin Manoma: Yadda Za Mu Ƙera 'Yar Katafila Mu Shafa Mata Fenti

Karatu: Luka 14:28-30, Fitowa 31:1-5

 Bayan an kai amfanin gona rumbu, ƙungiyoyi da yawa sukan zauna su yi shawara a kan hayar katafila. Waɗansu suna so a share musu sabon fili. Waɗansu kuwa suna so a haƙa musu tafki, ko a tare musu rafi domin noman rani da shayar da dabbobi. Kuɗin hayar awa ɗaya ba kaɗan ba ne, kuma kuɗin nan na dattawa ne da gwauraye da matasa waɗanda suka tara shi mudu mudu. Duk da haka sau da yawa akan biya ba tare da ko mutum ɗaya cikin ƙungiyar ya san yadda injin yake aiki ba. Direba ya zo, ya tura ƙasa, ya tafi, sai damina ta nuna mana abin da aka yi.

A cikin wannan darasi za mu koyi ƙera ƙaramin samfurin katafila irin ta dā, mu kuma shafa mata fenti. Yaranmu sun iya yin motar kara da ta langa-langa, amma wannan dabam take da su, gama kowane sashe nata za a auna shi bisa ga injin gaske. Wanda ya auna haƙoran wili da hannunsa, ya ƙirga takalman sarƙa ɗaya ɗaya, ba zai ƙara tsayawa kusa da katafila kamar baƙo ba. Gani ya kori ji. A shirya yin aikin cikin zama huɗu ko biyar, mutum shida zuwa takwas, maza da mata, tare da kafinta ɗaya da mai aikin gwangwani ɗaya idan akwai su a ikilisiya.

ASALIN KATAFILA

A jihar Kalifoniya ta Amurka, kusa da garin Stockton, akwai wata babbar fadama mai ƙasa baƙa, mai albarka, amma mai taushi ƙwarai. Taraktocin farko masu aiki da tururi suna da nauyi, suna shiga fadamar sai su nutse. Masu ƙera su suka yi ta ƙara faɗin ƙafafun, har aka yi injin da faɗinsa ya wuce ƙafa 40, juya shi a ƙarshen kunya ya zama babban aiki.

Wani mai ƙera injunan gona, sunansa Benjamin Holt, ya cire manyan ƙafafun wani injinsa, ya sa sarƙoƙi waɗanda aka ɗaura wa guntayen katako. Ran 24 ga Nuwamba 1904 ya gwada shi, injin kuwa ya bi ta kan ƙasa mai taushi bai nutse ba. Ba shi kaɗai ya yi wannan tunani ba. Alvin Lombard ya riga ya yi rajistar injin jan gungumen itace mai sarƙa a 1901, a Ingila ma kamfanin Hornsby yana gwada nasa. Amma sunan da ya bi duniya na Holt ne. An ga sarƙar tana tafiya kamar tsutsa irin su gizaka, sai aka kira injin Caterpillar, wato sunan irin wannan tsutsa da Turanci. Daga nan bakin Bahaushe ya mai da shi katafila. A 1925 kamfanin Holt da na C. L. Best suka haɗu suka zama kamfanin Caterpillar. A 1931 suka fito da taraktarsu ta farko mai shan man gas.

Wadda za mu kwaikwaya ita ce D2, wadda aka ƙera daga 1938 zuwa 1957. Ƙarama ce, an yi ta musamman domin jan garma a gona. Nauyinta wajen tan 3, tsawonta wajen ƙafa 9, injinta mai silinda 4. Mun zaɓe ta domin duk abin da ke cikin babbar katafila yana cikinta, kuma a fili yake, ba rufi mai yawa.

MA'AUNI SHI NE TUSHEN AIKIN

Za mu yi aiki da ma'aunin 1 bisa 12. Wato inci 1 a jikin samfuri yana madadin ƙafa 1 a jikin injin gaske. Injin mai tsawon ƙafa 9 zai zama inci 9. Takalmin sarƙa mai faɗin inci 12 zai zama inci 1. An yi D2 iri biyu: daga tsakiyar sarƙar hagu zuwa tsakiyar ta dama, wata inci 40 ne, wata inci 50. A samfuri, ta farkon za ta zama inci 3 da sulusi, ta biyun inci 4 da ɗan ɗori.

Ga dalilin da ya sa muka zaɓi 12. Kowace gaɓa ta sarƙar keke rabin inci ce daidai. Rabin inci sau 12 ya zama inci 6, kuma gaɓar sarƙar D2 kusan inci 6 ce. Saboda haka tsohuwar sarƙar keke za ta zauna daidai. Idan katafilar da ke kusa da ku babba ce, ku auna gaɓar sarƙarta ku ninka biyu, abin da ya fito shi ne ma'auninku. Misali, gaɓa mai inci 8 za ta ba ku 1 bisa 16.

Ku yi rula ta musamman da kwali. Ku raba kowane inci kashi 12. Kowane kashi ɗaya yana madadin inci 1 na injin gaske. Da wannan rula ba sai an yi ta lissafi ba.

Idan akwai tsohuwar katafila da aka yar a yadin ma'aikata ko bakin hanya, ku nemi izini ku je ku auna ta. Ku lura da macizai da kunamu da rina, gama suna son irin wannan wuri. Kada kowa ya shiga ƙarƙashinta, kada kuma a auna injin da ke kunne. Idan babu, ku nemi hotunanta na gefe da gaba da baya, ku yi amfani da tsawon da muka bayar ku gane sauran. Ku zana siffar gefe da ta sama a kan takarda, daidai girman samfurin, kafin a yanka ko guntun katako ɗaya. Duk sashen da aka ƙera a aza shi kan zanen a gani. Wanda bai yi daidai ba a sake shi, ko na shugaban ƙungiya ne.

KAYAN AIKI

1. Tsohuwar sarƙar keke guda ɗaya. Gaɓoɓinta sun fi 100, za ta ishi gefe biyu.
2. Gwangwanayen madara ko na tumatir wajen 10.
3. Guntayen katako mai taushi domin jiki, da na maɗaci domin wili.
4. Robar tsohuwar jarka mai kauri.
5. Wayoyin ƙafar keke 6, siririyar wayar tagulla, ƙananan ƙusoshi, da allurai masu kai.
6. Sifirin na cikin biro guda 2, bututun biro, ɗan ragar sauro ta taga, da guntun fatar tsohon takalmi.
7. Almakashin kwano, ƙaramin zarto, zarton goge ƙarfe, filaya, wuƙa, takarda mai yashi ta goge katako, gam, da dalmar like.
8. Fenti: jan fenti na hana tsatsa, rawaya, baƙi, da ɗan fari. Kananzir, burushi ƙarami, da fensir.

YADDA ZA A ƘERA

Mataki na ɗaya: sarƙa. Daga nan za a fara, gama ita ce ta fi cin lokaci, kuma sauran sassa ita suke bi. A wanke sarƙar keken da kananzir, sa'an nan da ruwan zafi da sabulu, har maiƙo ya fita sarai. Dalma da gam ba sa kama wuri mai maiƙo. Ƙaramar katafila irin wannan tana da takalma wajen 30 a kowane gefe. A yanke gaɓoɓi 30 ko 32, a haɗa bakinsu su zama zobe. Dole adadin ya zama mai rabuwa biyu, in ba haka ba sarƙar keke ba ta haɗuwa.

A buɗe gwangwani a miƙe shi. A yanka guntaye masu faɗin inci 1, tsawo kuwa ya ɗan wuce rabin inci. A lanƙwasa baki ɗaya ya tashi kamar kashi ɗaya cikin takwas na inci. Wannan tashin shi ne haƙorin da ke kama ƙasa. A yi ma'auni guda da katako domin dukan takalman su fito iri ɗaya. Mai aikin gwangwani ya like kowane takalmi a bayan gaɓa ɗaya, ya kula kada dalma ta gangara cikin mahaɗa. Dukan haƙoran su fuskanci waje ɗaya, yadda kuka gani a injin gaske. Inda ba mai like, a ɗinke takalman a kan tsirin robar cikin tayar keke da wayar tagulla. Ba za ta kai ta sarƙa kyau ba, amma za ta juya.

Mataki na biyu: wili. Kowane gefe yana da wili iri uku. Na baya shi ne mai haƙora, shi ne inji ke juyawa ya ja sarƙa. Na gaba ba shi da haƙora, aikinsa ya riƙe sarƙa ta miƙe. A ƙasa kuma akwai ƙananan gargare, yawanci 4 a kowane gefe a irin wannan inji, su ne ke ɗauke da nauyin duka. Mu lura da wannan: katafila tana shimfiɗa wa kanta hanyar ƙarfe a gaba, ta bi ta kai da waɗannan gargare, ta naɗe ta a baya.

A zana da'ira mai faɗin inci 2 da kwata a kan robar jarka, a raba bakinta kashi 14, kowane kashi rabin inci. A fiƙe haƙoran da zarton goge ƙarfe har sarƙa ta zauna ba tsalle. Kaurin robar kada ya wuce kashi ɗaya cikin takwas na inci, domin ya shiga tsakanin gaɓoɓin. A manna ƙananan faifan katako a gefe biyu su ƙarfafa shi. Wilin gaba a yi shi kusan girman nan, ba haƙora. Ƙananan gargaren a yanko su daga sanda mai kaurin ɗan yatsa, a fafe tsakiyarsu inda sarƙa za ta bi.

Mataki na uku: katakon ƙafa. Kowane gefe yana da dogon ƙarfe wanda gargaren ke jere a ƙarƙashinsa. A yi shi da katako biyu sirara, a huda ramuka a layi ɗaya, a sa guntayen wayar keke su zama sandunan wili. Ramin wilin gaba a yi shi dogo, domin wilin ya iya matsawa gaba da baya, a sa sifirin na biro a bayansa. Haka yake a injin gaske. Idan dutse ya shiga tsakanin sarƙa da wili, babban sifirin yakan matsa ya ba shi hanya, in ba don haka ba wani abu ya karye. A sa sarƙar a tura a kan tebur. Idan ta yi tauri ƙwarai ba za ta juya ba, idan ta yi sako-sako za ta zame ta fita.

Mataki na huɗu: jiki. A sassaƙa inji da akwatin giya da katako mai taushi. A lanƙwasa gwangwani a kan sanda ya zama murfin inji. Lagireto a yi masa firam na katako a manna ragar sauro. Bututun biro ya zama salansa. Kada a manta da tukunyar tace iska, gama a ƙasar ƙura ita ce ke tsare ran inji. A baya a sa ƙarfen jan garma. D2 ba a haife ta da allon tura ƙasa ba, ƙari ne da ake sa mata. Wanda yake so ya yi shi da gwangwani mai kauri, a bar shi yana hawa da sauka.

Akwai wani abu a jikin tsofaffin katafila da ya kamata a nuna, wato ɗan injin tayarwa. Injin man gas yana da wuyar juyawa da hannu, sai aka ɗora masa ƙaramin injin fetur mai silinda 2 a bayansa. Direba yakan ta da ƙaramin da igiya, ƙaramin ya ɗumama babban ya kuma juya shi har ya kama. A sassaƙa shi da guntun katako a manna a wurinsa.

Mataki na biyar: wurin direba. Katafila irin wannan ba ta da sitiyari. Tana da liba biyu na juyawa da birki biyu na ƙafa, ban da libar kuloci da ta giya. Idan direba ya ja libar hagu, ƙarfin inji ya daina zuwa sarƙar hagu, ta dama ta ci gaba, inji ya karkata hagu. Idan ya taka birkin hagu kuma, sai ya juya a wuri ƙanƙane. A yi libobin da wayar keke, a ɗiga gam a kansu ya zama mariƙi. A rufe kujera da fata. Kawunan allurai su zama kawunan noti, amma a sa su inda noti yake a injin gaske kawai.

SHAFA FENTI

Launi ma ma'auni ne, yana faɗin shekarun inji. Har zuwa ƙarshen 1931 katafila toka-toka ce da ɗan ja. Daga Disamba 1931 kamfanin ya koma rawaya, domin a riƙa hango injin daga nesa a kan hanya. Tun da D2 ta fito a 1938, launinta rawaya ne da baƙin rubutu.

Kafin a buɗe gwangwanin fenti ga gargaɗi. Fentin mai da yawa, musamman rawaya da ja, akan sa masa dalma, kuma abin like gwangwani ma yakan ƙunshi dalma. Dalma guba ce ga ƙwaƙwalwar yara. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe ɗaruruwan yara. A nemi fentin da aka rubuta ba dalma a cikinsa. A yi aiki a fili inda iska ke wucewa, nesa da wuta, a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. Samfurin nan kayan koyarwa ne, kada a ba ƙaramin yaro ya sa a baki.

1. A kwance sarƙa da wili a ajiye dabam. A goge katako da gwangwani da takarda mai yashi. A shafa wa katakon gam mai ruwa-ruwa, ya bushe, a sake gogewa, domin kada a ga zanen itace a abin da ya kamata ya yi kama da ƙarfe.
2. A shafa jan fenti na hana tsatsa sau ɗaya, siriri. A bari kwana ɗaya.
3. A tsinka rawayan da ɗan kananzir har ya yi kamar madara. A ƙara ɗigon fari, gama ƙaramin abu yakan fi yin duhu a ido. A zuba ɗan hodar shafawa kaɗan, za ta rage ƙyalli.
4. A shafa sau biyu ko uku, kwana ɗaya tsakanin kowanne. Shafa mai kauri sau ɗaya yakan cike ragar lagireto ya binne kawunan noti. A kife kwali a kai yayin bushewa saboda ƙurar hunturu.
5. Kujera da kawunan liba da rubutu a yi su da baƙi. Idan ba ƙaramin burushi, gashin kaza ɗaya da aka fiƙe zai yi.
6. Sarƙa a shafa mata baƙi da aka gauraya da ɗan ja, mai ruwa ƙwarai. A riƙa motsa ta yayin bushewa domin kada gaɓoɓin su manne.

Bayan sati ɗaya sai a tsufar da ita. Nan ne fenti ya zama darasi. Ƙa'idar ita ce, ba za a sa tabo ko ɗaya ba sai wani ya faɗi abin da ke kawo shi a injin gaske.

A tsinka baƙi da kananzir har ya zama kamar ruwan shayi, a ɗiga a lunguna da kewayen noti, a share abin da ya wuce da tsumma. Wannan dattin mai ne da ƙura. A goga bakin fensir a kan haƙoran takalma, da haƙoran wilin baya, da inda gargare ke taɓa sarƙa, da bakin allon tura ƙasa. Za su yi ƙyalli kamar ƙarfe, gama nan ne ƙarfe ke cin ƙarfe, yashi kuma yana cin su duka. A sa baƙin gawayi a bakin salansa. A sa ƙananan ɗigon ja mai duhu inda takalmin direba ke gogar fenti. A tankaɗe jar ƙasa, a dama da ruwan ƙaro, a shafa a ƙasan inji da tsakanin gargare. A ƙarshe a ja siririn layin baƙi mai sheƙi daga tsakiyar wilin baya zuwa ƙasa. Wannan alamar yoyon mai ce. Wanda ya zana ta da hannunsa zai gane ta ranar da aka kawo masa injin haya mai irin wannan ciwo. Kada a cika tabo. Injin da ke aiki yana da ƙura da ƙyalli, wanda tsatsa ta rufe duka ya daɗe da mutuwa.

ABIN DA SAMFURIN ZAI KOYA MANA

A cika tire da jiƙaƙƙen yashi. A aza tubali a kan ƙananan duwatsu huɗu, a ɗaga a duba zurfin ramin. A sake aza shi a kan katako biyu masu faɗi, a duba. Nauyin bai sake ba, amma na biyun bai nutse ba. Ga lissafinsa a D2. Kowace sarƙa tana taɓa ƙasa tsawon wajen inci 54, faɗi inci 12. Biyun sun zama murabba'in inci 1,296. Idan aka raba kilo 3,000 a kansu, kowane murabba'in inci yana ɗauke da kilo 2 da ɗan ɗori. Mutum mai kilo 65 da ya tsaya da ƙafa ɗaya yana danna ƙasa kusan haka. Daga wannan za mu ɗauki abubuwa huɗu.

Na ɗaya, game da madatsar ruwa. Abin da ya hana katafila nutsewa shi ne kuma ya hana ta danne ƙasa sosai. Idan direba ya tara tudun ƙasa ya bi ta kai sau ɗaya ya ce an gama, ruwa zai sami hanya a ciki. Bangon madatsa ana ɗora shi kaɗan kaɗan, kaurin wajen inci 6, da ƙasa mai yumɓu da ɗan danshi, a danne kowane sashe sosai kafin a ɗora wani. A rubuta wannan cikin yarjejeniya, a kuma sa mutum ya tsaya yana gani.

Na biyu, game da sharar fili. A sauke allon samfurin a kan yashi da aka barbaɗa wa toka, a tura. Tokar duka za ta taru a gefe. Haka katafila ke yi wa baƙar ƙasar sama, wadda a yawancin gonakinmu kaurinta bai wuce 'yan inci ba. A gaya wa direba ya ɗaga allon kada ya kankare ƙasa. A ɗaura ƙyalle a jikin ɗorawa da kaɗanya da gawo kafin ya iso, domin ya bar su.

Na uku, game da kuɗin gyara. Ku ƙirga wurare nawa kuka goga wa fensir. Kusan dukansu a ƙafa suke. Masu aikin katafila sukan ce sarƙa da wili suna cin kusan rabin kuɗin gyaran injin. Ƙungiyar da aka yi wa tayin tsohuwar katafila da araha ta fara duba haƙoran wilin baya. Idan sun yi tsini kamar ƙaya, sun cinye, kuma kuɗin sabuwar ƙafa zai iya fin kuɗin da aka sayi injin.

Na huɗu, game da ƙarfin hannunmu. A 1949 gwamnatin mulkin mallaka tare da wani kamfanin raya ƙasa na Ingila suka buɗe babbar gonar injuna kusa da Mokwa, a Jihar Neja ta yanzu. An share daji, aka zaunar da iyalai. Saiwoyin da suka rage cikin ƙasa suka dami injuna, ciyawa kuma ta fi ƙarfin hannun iyalan, gama an ba su fili fiye da abin da za su iya nomewa da fartanya. A 1954 kamfanin ya janye. Katafila tana iya share kadada da yawa cikin 'yan kwanaki, amma ba za ta dawo ta yi mana noman firi da maimai ba. A share iyakar abin da za mu iya nomewa.

Ubangijinmu ya yi magana a kan mai son gina hasumiya, wanda ya kamata ya fara zama ya lasafta ko abin hannunsa zai kai shi ƙarshe. Mun kuma karanta yadda Allah ya ba Bezalel gwanintar aikin ƙarfe da itace. Auna abu daidai da yin aikin hannu da kyau suna cikin hidimar da muke yi wa Allah da 'yan'uwa. Idan an gama samfurin a ajiye shi wurin magatakarda, a fito da shi duk ranar da maganar haya ta taso, a kuma ara wa makarantar firamare da Zumuntar Mata su gani.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. Idan tsayin wani inji ƙafa 5 ne, inci nawa zai zama a ma'aunin 1 bisa 12?
2. Me ya sa aka sa sifirin a bayan wilin gaba?
3. Waɗanne wurare uku za ku fara dubawa idan an kawo muku katafilar haya?
4. Kadada nawa mambobinmu za su iya nomewa da hannu da shanu a damina ɗaya? Nawa muke shirin sharewa?
5. Wa zai tsaya tare da direba daga safe har yamma, kuma me za mu rubuta masa ya riƙe?

Addu'a: Ya Uba, kai ne ka ba mu ƙasa da hannuwa da hankali. Ka koya mana mu auna kafin mu yanke, mu riƙe kuɗin 'yan'uwa da aminci, mu bar wa 'ya'yanmu gona mai rai. Cikin sunan Yesu. Amin.